Yadda Ake Sauya Sufuroket Don Rage Kukan Inji da Shan Man Babur

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu babura a Kano suke ta maimaita tambaya ɗaya: wai da gaske ne idan aka sauya sufuroket babur yana rage shan mai, kuma yaya ake yi? Da gaske ne, amma ba ga kowa ba, kuma ragin bai kai yadda ake zuzuta shi a bakin gareji ba. Aikin kansa ba wuya, bai wuce awa ɗaya ba. Inda gizo yake saƙar shi ne zaɓen yawan haƙoran, domin haƙori ɗaya yana iya zama gyara, biyu kuma su zama ɓarna.

Sufuroket, wato faifan ƙarfe mai haƙora, biyu ne a babur: ƙarami a jikin inji, babba a tayar baya, cen ya haɗa su. Idan ka ƙara wa ƙaramin haƙori, ko ka rage wa babban, inji zai riƙa yin juyi kaɗan a kan gudun da ka saba yi. Kukansa zai sauka, karkarwar hannu ta ragu. Abin da za ka bayar a madadin haka shi ne ƙarfin tashi.

1. Fara duba irin tafiyarka

Wanda zai ci moriyar wannan aiki shi ne mai doguwar tafiya a buɗaɗɗen titi, shi kaɗai ko da ɗan kaya mara nauyi. Ma'aikacin da yake fitowa daga Mariri ya bi titin baifas, malamin da yake koyarwa a Kura ko Bichi yana dawowa gida kullum, ɗalibin da yake zuwa sabuwar jami'ar Bayero ta titin Gwarzo. Alamar ita ce wannan: kana kan giyar ƙarshe, kana gudun kilomita 60 ko 70, sai ka ji ƙafarka tana neman wata giyar da babu ita. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, ban da gadojin sama babu wani hawa mai wahalar da inji, saboda haka wannan gyara ya fi karɓar baburanmu fiye da na garuruwa masu tsaunuka.

Amma idan rayuwar baburinka tsakanin Kantin Kwari ne da Singa da Ƙofar Wambai, kana ɗaure dila a baya, kana tashi kana tsayawa a cunkoso, bar sufuroket ɗinka yadda kamfani ya sa shi. Haka mai ɗauko buhu daga Dawanau, haka mai jarkokin ruwa. A giya ta ɗaya da ta biyu kake wuni, ƙarin haƙori ba zai rage maka ko cokali ɗaya na mai ba, sai dai ya cinye maka kuloci.

2. Gyara abin da ya lalace tukuna

Babur da yawa da ake kuka da shan mansu ba laifin giya ba ne. Kafin ka sayi komai, duba iskar taya da ma'auni, ba da matsa yatsa ba. Buɗe matatar iska, musamman bayan hunturu, lokacin da ƙura take toshe ta har inji ya riƙa zuƙar mai fiye da kima. Ciro filogi: idan bakinsa baƙi ne ƙirin da toka, kafireta tana ba da mai da yawa. Ɗora babur a kan babban jak ka juya tayoyin da hannu, idan birki yana kamawa za ka ji. Duba ƙasan kafireta ko tana ɗiga idan an ajiye babur. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya cin man da ya fi abin da sufuroket zai ceto maka.

3. Auna shan mai kafin ka taɓa komai

Wannan matakin ne kowa yake tsallakewa, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Je gidan mai, ɗora babur a kan babban jak don ya tsaya daidai, a cika tanki zuwa wata alama da za ka iya tunawa a wuyan tankin. Rubuta lambar da mita take nunawa. Yi zirga-zirgarka ta yau da kullum. Idan man ya yi ƙasa, koma gidan man nan, famfon nan in da hali, a sake cikawa zuwa alamar nan. Raba kilomitar da ka yi da litar da aka zuba. Misali, kilomita 180 da lita 4 ya ba ka kilomita 45 a lita ɗaya.

Yi haka sau uku ka ɗauki matsakaici. Sau ɗaya ba ya nuna komai, domin iska da cunkoso da goyo duk suna sauya lissafi.

Gargaɗi: kada ka yi awo da man bumburutu na kwalba ko galan. Ba ka da tabbacin mudun, ba ka da tabbacin man. Idan kuma mitarka ta mutu, a gyara wayarta ta tayar gaba, ko ka yi amfani da manhajar auna tafiya a wayarka.

4. Ƙirga haƙora, ka yi lissafi

Kada ka dogara da abin da mai shago ya ce wai "ai duk Boxer kaza ne". Babur ɗin da ya shekara uku a hannu mai yiwuwa an riga an sauya masa. Cire murfin ƙaramin sufuroket da akwatin cen ka duba. Yawanci an buga lambar a jikin ƙarfen, kamar 14T ko 42T. Idan ta goge, sa alli a haƙori ɗaya ka ƙirga.

Raba haƙoran baya da na gaba. Mu ɗauka ka samu 14 a gaba, 42 a baya. Wato 3.00, ma'ana ƙaramin yana juyi uku kafin taya ta yi ɗaya. Ga abin da kowane sauyi zai ba ka:

15 da 42 ya zama 2.80, juyin inji ya sauka da kusan kashi 7 cikin ɗari.
14 da 40 ya zama 2.86, ya sauka da kusan kashi 5.
14 da 39 ya zama 2.79, kusan daidai da ƙarin haƙori ɗaya a gaba.
15 da 40 ya zama 2.67, ya sauka da kashi 11.

Idan roba-roba ne mai 14 da 36, wato 2.57, sa 15 a gaba zai mai da shi 2.40, shi ma kusan kashi 7 ne. A aikace, injin da yake juyi 5,000 a minti kan wani gudu zai koma wajen 4,670 a kan gudun nan.

Lura da abu biyu. Haƙori ɗaya a gaba ya kai kusan uku a baya. Sannan ga inji mai girman cc 100 zuwa 125, kashi 5 zuwa 7 shi ne iyakar hankali. Layin ƙarshen nan na kashi 11 shi ne wanda samari suke so saboda an ce musu babur zai ƙara gudu, kuma shi ne yake kashe ƙananan injuna. Inji mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya jan wannan giyar a kan iska ba. Za ka murɗe totur har ƙarshe, babur yana nishi, man yana tafiya, gudun bai ƙaru ba. Mai inji 150 ko 200 yana da ɗan sarari, amma shi ma da haƙori ɗaya zai fara.

Gargaɗi: idan an riga an sa maka tayar baya da ta fi ta asali girma, misali daga 2.75-17 zuwa 3.00-17, ka riga ka ɗaga giyar da kusan kashi 2. Haɗa shi cikin lissafi.

5. Sayen kaya

Kafin ka tafi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, yanke shawara: ƙaramin kaɗai za ka saya ko saiti gaba ɗaya? Cen ne zai gaya maka. Kama shi a bayan babban sufuroket, daidai tsakiya, ka ja baya. Idan ya ɗago har ka ga rabin haƙori, ya gama aiki. In kana son tabbaci, miƙe shi ka auna gaɓa 20, wato daga tsakiyar fil na farko zuwa na 21. Sabo milimita 254 ne. Idan ya kai 259, a yar. Duba haƙoran su ma: idan sun yi tsini ko sun karkata gefe ɗaya kamar ƙugiya, sun ƙare.

Idan cen da babban suna da rai, ƙaramin kaɗai ya isa, kuma shi ne mafi araha a cikin ukun. Idan sun cinye, sayi duka uku tare. Sabon sufuroket a kan cen ɗin da ya cinye ba ya daɗewa yake lalacewa, domin cen ɗin da ya miƙe yana hawa kan haƙora yana sassaƙe su.

Tafi da tsohon a hannunka, ko a cikin leda. Abin da za ka gaya wa mai shago ke nan: "Alhaji, irin wannan nake so sak, amma mai haƙori 15." Sai ka ɗora sabon a kan tsohon ka duba abu uku. Tsagin ramin tsakiya su zo ɗaya, yawansu da faɗinsu. Ramukan noti biyu su hau kan juna. Kauri ya zama ɗaya.

Maganar kauri tana da muhimmanci. Ƙananan baburan nan cen 428 ko 420 suke amfani da shi, an buga lambar a gefen gaɓoɓin. Tazarar fil ɗinsu ɗaya ce, milimita 12.7, shi ya sa ake ruɗewa, amma 428 ya fi faɗi kuma gangunansa sun fi kauri. Sufuroket na 428 ba ya zama daidai a cen 420, na 420 kuma yana rawa a cikin 428. Kada wani ya ce maka "zai shiga". Shiga daban, zama daban.

Farashi yana tafiya da canjin dala, saboda haka tambayi shago uku kafin ka ciro kuɗi. Za ka tarar da kaya hawa-hawa, kuma na ƙasan ƙarfe ne mai taushi da ba a gasa ba. Araha ba ta ado a nan. Idan kanike ne zai ɗaura, ku yi cinikin kuɗin aiki tun kafin ya kwance noti ɗaya, kuma ka ce ya ba ka tsohon kayanka.

6. Cire ƙaramin, sa sabon

Kayan aiki: sifana mai lamba 8 da 10, manyan sifanu biyu na notin tayar baya (yawanci tsakanin 17 da 22 ne, gwada naka), sukuddireba, filaya, kananzir, tsohon buroshi, tsumma da rula.

Kashe inji, zare makulli, bar salansa ya huce. Ɗora babur a kan babban jak a ƙasa mai tauri. Cire sandar giya idan ta tare murfin, amma fara yi mata alama don ka mai da ita inda take. Cire murfin. Za ka ga laka da baƙin giris sun cushe wurin, kankare su, domin a nan sabon zai buƙaci sarari.

A yawancin waɗannan babura wani ɗan faranti ne yake riƙe ƙaramin sufuroket da noti biyu masu kan lamba 10. Sassauta su tun cen yana ɗaure: sa giya ta ɗaya, wani ya taka maka birkin baya. Idan ka cire cen tukuna, sufuroket zai yi ta juyawa da sifanar. Bayan sun saki, sassauta notin tayar baya da ajasta biyu, tura tayar gaba, cen zai yi sako-sako. Juya farantin kaɗan har tsaginsa su dace da na sandar da sufuroket yake kai, zare shi, zare sufuroket.

Dubi yadda tsohon ya zauna. Yawanci lambar tana kallon waje, wasu kuma suna da ɗan tudu a gefe ɗaya. Idan ka juya shi baibai, cen zai karkace ya riƙa cin gefe. Kafin ka sa sabon, shafa yatsa a robar da ke bayansa. Idan baƙin mai yana tsattsafowa, yanzu ne lokacin sauya ta.

Sa sabon a cikin cen tukuna, sannan ka zura shi a sandar. Mai da farantin, juya shi ramuka su dace, ɗaure notin biyu bi da bi. Ƙanana ne, kada ka hau su da ƙarfi, suna tsinkewa.

Gargaɗi: mai da giya firi, juya taya da hannu a hankali, ka leƙa. Sufuroket mai 15 ya fi mai 14 faɗi da kusan milimita 4, kuma a wasu injuna cen yana gogar jikin inji, ko murfin, ko wayoyin da suke fitowa daga koyil. Idan ya goga, kada ka yarda a sassaƙe jikin inji da giranda. Mai da na 14, ka nemi ragin ta baya.

7. Idan babban ko cen za a sauya

Cire akwatin cen, sama da ƙasa. Nemo mahaɗin cen, ture kilif ɗinsa da filaya. Kwance notin sandar birki da ƙarfen da yake riƙe farantin birki, zare dogon ƙarfen tsakiyar taya, ka jera wosha da zobba a ƙasa yadda suka fito, na dama a dama, na hagu a hagu. A babura da yawa babban sufuroket yana kan wani mazauni nasa daban mai babban noti, noti huɗu kuma suke riƙe shi. Idan akwai 'yan kunnuwan ƙarfe da aka lanƙwasa a kan notin, miƙe su, in ka gama ka sake lanƙwasawa.

Tunda tayar tana ƙasa, duba robobin da ke cikin cibiyarta. Idan sun ragargaje, su ne suke sa babur fizga lokacin tashi, kuma doguwar giya za ta ƙara fito da wannan fizgar.

Tsawon cen: kowane haƙori ɗaya da aka ƙara ko aka rage yana matsar da taya kusan milimita 3. Saboda haka 15 a gaba yawanci ba ya buƙatar a taɓa cen. Rage uku a baya zai tura taya baya kusan milimita 10, kuma idan ajasta ta ƙure sai an cire gaɓa biyu. Bibbiyu ake cirewa, ba a cire ɗaya.

Gargaɗi: kilif ɗin mahaɗi yana da rufaffen kai da buɗaɗɗen baki. Rufaffen kan ne yake kallon inda cen yake tafiya. A layin sama, yana kallon inji. Idan aka juya shi, duk abin da ya taɓa bakin zai fizge shi, cen ya tsinke kana cikin gudu.

8. Ɗaure cen da saita taya

Juya taya zagaye guda kana taɓa cen, ka nemo inda ya fi tsauri. A nan za ka auna. A tsakiyar layin ƙasa, ɗaga shi sama ka danna ƙasa: motsin ya zama milimita 20 zuwa 30, kusan faɗin yatsu biyu, sai dai in takardar da ke jikin baburinka ta faɗi wani abu daban. Ja ajasta biyun daidai wa daida, rabin juyi a dama, rabin juyi a hagu, kana duba zanen da ke jikin ƙarfen. Tsuguna a bayan babur ka hango cen: ya miƙe sambal daga babban zuwa ƙaramin.

Kanikawa da yawa suna ɗaure cen kamar tsirkiyar baka don kada mai babur ya dawo yana cewa yana ƙara. Kada ka yarda. Idan ka hau, ka faɗa rami, cen yana ƙara tsauri, kuma abin da zai biya bashin shi ne boris ɗin sandar ƙaramin sufuroket da na taya. Ɗaure notin taya sosai, sannan ka sake aunawa, domin ɗaurin yana sauya shi.

Tunda taya ta matsa, birkin baya ya sauya. Saita notinsa har abin taka birki ya riƙa sauka milimita 20 zuwa 30 kafin ya kama, ka tabbata taya tana juyawa sakayau, fitilar birki kuma tana kamawa.

Wanke cen da kananzir, goge, ɗiga masa man giya mai lamba 90 ta ciki, share abin da ya yi yawa. Tsohon baƙin man da aka juye daga inji ba abin shafa wa sabon cen ba ne, akwai garin ƙarfe a cikinsa. Mai da akwatin cen, a ƙurar Kano shi ne yake ninka kwanan cen.

Gargaɗi: kada ka taɓa goge cen inji yana aiki kuma babur yana cikin giya. Tsumma yana shiga, yatsu su bi shi.

9. Gwaji a titi

Fita da sassafe kafin titi ya cika. Tashi daga tsaye sau biyar. Ya kamata ka ji ɗan nauyi kaɗan, amma ba har sai ka daɗe kana riƙe rabin kuloci ba. Sannan ka hau gada ɗaya, ta Ƙofar Nasarawa ko ta Ɗangi, a giyar da ka saba hawa da ita. Idan dole ka sauke giya biyu, abin ya yi yawa.

Babban gwajin shi ne wannan. A miƙaƙƙen titi, sa giyar ƙarshe kana gudun 45, ka murɗa totur a hankali. Inji mai daidaitacciyar giya zai ɗauka sumul. Idan ya yi gurnani, cen yana fizga, ko ka ji ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, inji yana shan wuya. A zafin Afrilu, lokacin da Kano take kai maki 40, injin da iska kaɗai take sanyaya shi ba ya jure irin wannan wahalar. Wata alamar kuma: idan giyar kusa da ƙarshe tana kai ka gudun da ta ƙarshe ba ta iya wucewa, ka zarce. Koma baya da haƙori.

Hannunka ma sai ya sauya. Kowace giya yanzu ta ƙara tsawo, saboda haka a cikin gari za ka riƙa zama a ta uku inda da kake sa ta huɗu. Sakin totur ba zai riƙe babur kamar da ba, fara birki da wuri. Mita ba za ta yi ƙarya ba idan daga tayar gaba take karatu, kamar yawancin baburan nan. Wanda nasa yake karatu daga akwatin giya, mitarsa za ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunsa.

10. Sake auna mai, ka yi lissafin kuɗi

Maimaita mataki na 3, tanki uku, hanya ɗaya, gudu ɗaya. A nan mutane suke cutar kansu: babur ya yi shiru, sai su ƙara gudu ba su sani ba. Wanda yake yin 60 ya koma 75, iska ta cinye ribar duka har da uwar kuɗi.

Kada ka sa ran ragin mai zai kai ragin juyin inji. Nauyinka da iskar da kake kutsawa ba su sauya ba. Mu ɗauka ka tashi daga kilomita 45 a lita zuwa 47, kuma kana yin kilomita 80 a rana, kwana 26 a wata. Da kana shan lita 46.2, yanzu 44.3. Kusan lita biyu ke nan a wata. Ninka da farashin lita na yau, ka raba kuɗin sufuroket da na aiki da shi, za ka ga watannin da kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Idan ƙaramin kaɗai ka saya, ba za a daɗe ba. Idan saiti ne gaba ɗaya alhali tsohon yana da sauran rai, gara ka jira ya ƙare ka yi sauyin a lokacin, tunda dama za ka saya.

Idan awo ya nuna ba bambanci, ko ma ya ƙaru, to tafiyarka ba ta buɗaɗɗen titi ba ce kamar yadda ka zata, ko injin ba shi da ƙarfin jan giyar. Ɗauko tsohon mai 14 da ka ajiye a leda ka mayar, aikin minti ashirin ne. Idan kuma ka bar sabon, sake duba notin farantin nan biyu da sakin cen bayan kilomita 100 na farko, daga nan kuma duk kilomita 500, ko duk ranar da ka ratsa ruwan damina.